Yadda Ake Goge Fenti da Jelkot Daga Jikin Jirgin Ruwa na Faiba

Duk shekara idan damina ta ɗauke aka fara jawo jirage tudu a Dadin Kowa, tambaya ɗaya ce ke bi na daga bakin masu jirgin faiba: fenti ya tsufa, yana tashi kamar ɓawon rogo, ta ina za a fara? Wasu su kira a waya, wasu su tare ni a cikin Gombe wajen masu sayar da kayan fentin mota. Amsar ba ta ƙarewa a tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta ta daki-daki, yadda nake yi da hannuna.

Kafin ka taɓa samfefa, ka san abin da za ka goga. Jikin jirgin faiba hawa-hawa ne. A can ciki akwai faibar kanta, wato zaren gilashi da aka jiƙa da rezin, wani ruwan roba mai kauri, ya daskare, ita ce ƙarfin jirgin. A kanta akwai jelkot, wata fata mai launi da santsi da aka yi tun ranar da aka ƙera jirgin. Kaurinta kusan rabin milimita ne, bai kai na katin ATM ba, amma ita ke tsare faiba daga ruwa da rana. Sai kuma fentin da masu jirgin suka yi ta shafawa daga baya, wani kan wani. Mafi yawan jiragen da ake kawo min, fenti kaɗai ya kamata a cire, a bar jelkot a wurinta. Mafi yawan ɓarnar da na gani a wannan aiki daga wuri ɗaya take fitowa: mai guga bai san inda zai tsaya ba.

1. Zaɓi lokaci da wuri, ka kife jirgin

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi. Iska a bushe take, jirgi na saurin tsanewa, kuma mutum zai iya jure rigar aiki da takunkumi. A Maris da Afrilu zafin Gombe kan kai digiri 40. Idan dole ce ta sa, ka fara bayan asuba ka ajiye kafin ƙarfe 11, ka dawo bayan la'asar.

Sauke inji, tankin mai, batir da igiyoyi. Kwance duk ƙarfen da zai kwantu, wanda ya ƙi ka naɗe shi da salatif na takarda. Nemi mutum shida ko takwas ku kife jirgin a kan tsofaffin tayoyi ko katakai masu faɗi, ku tokare shi a wuri huɗu aƙalla, har sai ka jingina da ƙarfinka bai motsa ba. Shimfiɗa tamfal a ƙarƙashi, ya zarce jirgin da kamar mita ɗaya ta kowane gefe. Ka samu inuwa, ta bishiya ko ta rumfa, domin fentin da rana ta gasa yakan yi laushi ya toshe samfefa nan da nan.

Gargaɗi: kada ka yi wannan aiki a bakin ruwa. Fentin ƙasan jirgi, musamman na jiragen da aka sayo na hannu daga bakin teku, yawanci yana ɗauke da tagulla da aka sa don ta kashe gansakuka da ƙwarin ruwa, tsohon fenti kuma ana iya samun dalma a ciki. Madatsar Dadin Kowa, tun da aka gama ta a 1984 a kan kogin Gongola, ita ce gonar masunta, daga ita kuma ake tura wa garin Gombe ruwan sha. Ka ja jirgin nesa, inda ruwan wanki ba zai gangara kogi ko rijiya ba, nesa kuma da inda ake shanya kifi ko ɗaure dabbobi.

2. Wanke shi kafin guga

Nan ne mai gaggawa ke tsallakewa. Ɗauki omo da ruwa da buroshi mai tauri, ka wanke gansakuka, laka da ƙarnin kifi, ka ɗauraye, ka bar shi ya bushe. Daga nan sai asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da maiƙo, da tsumma biyu farare na auduga: ɗaya jiƙaƙƙe ka shafa, ɗaya busasshe ka bi bayansa nan take kafin asiton ya tashi. Ka riƙa juya tsumman, ka canja shi idan ya yi datti. Ka fi mai da hankali ga bayan jirgin, inda man inji ke zuba.

Dalili shi ne, idan akwai maiƙo ko kakin goge a jiki ka ɗora samfefa, ba cire shi kake yi ba, cusa shi kake yi cikin kowane zane da samfefar ta bari. Sabon fenti zai hau da kyau, bayan wata biyu ya fara kumbura, ka rasa dalili.

Gargaɗi: ban da fetur, ban da kananzir, ban da gas. Duk suna barin maiƙo, balle fetur ɗin jirgi da aka riga aka haɗa da baƙin mai. Asiton kuma yana kama wuta da sauri. Kashe janareta, kada kowa ya kunna taba a kusa, ka rufe gwangwanin duk lokacin da ka zuba.

3. Bincika, sannan ka yanke shawara

Wannan matakin shi ke raba aikin kwana uku da na wata biyu, don haka ka ba shi yini guda ba tare da jin ka yi asara ba.

Fara da ƙwanƙwasawa. Ɗauki tsabar kuɗi ko ƙotar sukundireba, ka bi jikin jirgin taƙi bayan taƙi. Wuri mai lafiya ƙararsa a tsaye take, ƙwas-ƙwas. Inda faiba ta rabu da juna ko ruwa ya shiga, za ka ji ƙarar ta mutu, kamar ka buga tulun da ya tsage. Zagaye wurin da fensir. Allon baya inda ake ɗaura inji yawanci katako ne a tsakiyarsa aka lulluɓe da faiba. Idan ya yi laushi ko ruwa mai launin shayi na fitowa daga ramukan kusoshi, wannan gyara ne daban, guga ba za ta magance shi ba.

Sai gwajin fenti. Jiƙa tsumma da asiton ka danna a wuri ɗaya na minti biyu. Idan fentin ya yi laushi ko ya yamutse, fentin gwangwani ɗaya ne, irin na mai, zai kankaru da sauƙi amma zai toshe samfefa. Idan bai ji komai ba, fenti ne mai haɗi biyu, ko kuma jelkot ce ma kanta kake kallo ba fenti ba. Na sha ganin wanda ya zo da niyyar cire fenti alhali jirginsa ba a taɓa yi masa fenti ba, jelkot ce kawai ta koɗe ta yi gari.

Daga nan ka buɗe abin da nake kira taga. Zaɓi wuri kamar faɗin tafin hannu, ka goge da hannu da samfefa mai lamba 80, a hankali, kana kallo. Launuka za su riƙa fitowa zobe-zobe: shuɗin bana, jan wancan mai jirgin, tokar firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, sannan wani launi mai tauri, sumul, wanda samfefa ke zamewa a kansa. Wannan ita ce jelkot. Ka haddace launinta, ka nuna wa duk yaron da zai taya ka. Ka buɗe irin wannan tagar a wuri uku ko huɗu, domin kaurin fenti ba ɗaya ba ne a goshin jirgi da ƙasansa.

Yanzu shawara. Idan jelkot ɗin na nan da ƙarfinta, ko da ta koɗe ko tana da 'yan zane-zane, fenti kaɗai za ka cire. Idan tsagewa ce irin ta saƙar gizo a wuri ɗaya ko biyu, ko ƙuraje tsilla-tsilla, wato inda jelkot ta kumbura, wuraren kaɗai za ka buɗe. Ba a kware jelkot gaba ɗaya sai in ƙurajen sun mamaye ƙasan jirgin kamar ƙyanda, ko ta farfashe ko'ina tana ɓarewa da farce.

Gargaɗi: ƙurajen nan ruwa ne a ciki mai warin tsami kamar na binega, kuma a matse yake. Idan ka huda yakan yi tsartuwa. Kada ka huda ko ɗaya ba tabarau a idonka.

4. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Injin da ya dace shi ne injin samfefa mai faifai zagayayye wanda ke juyawa yana karkarwa, mai faɗin milimita 125 ko 150, irin na masu fentin mota da kafintoci. Ba ya cin wuta sosai, wat 300 zuwa 400, ƙaramin janareta ma zai ja shi. Idan za ka samu mai jakar tara ƙura ko mai bakin haɗa injin zuƙa, shi za ka ɗauka ko da ya fi tsada. Idan babu halin saye, ka yi haya a wajen mai fentin mota.

Lambar samfefa a bayanta take, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Za ka buƙaci 80 da yawa, ita ce ke ɗaukar nauyin aikin. Sai 120 da 180 ko 220 na gamawa. Lamba 40 da 60 na mai cire jelkot ne, ko fentin da ya yi kauri ƙwarai. Sauran kaya: makankari mai faɗi, katako miƙaƙƙe mai tsawon kamar rabin mita, guntun soso ko tsohon silifas na naɗa samfefa, fensir, leda fara mai haske, salatif, tsummoki, asiton lita 2 zuwa 3.

Don ka san yawan abin da za ka saya, auna jirgin. Tsawo sau faɗi sau 0.85 zai ba ka kusan faɗin ƙasan jirgin. Jirgi mai mita 7 da faɗin mita 1.7 ya tashi murabba'in mita 10. Ka ƙara gefuna biyu, wajen 7, ka samu 17. A hannuna, fenti mai hawa uku yana cin faifai biyu zuwa uku a kowane murabba'in mita, yana kuma ɗaukar kusan awa ɗaya. Ke nan faifai 40 zuwa 50 na lamba 80, goma-goma na sauran, da kwana uku zuwa huɗu ga mutum ɗaya. Ka ɗauki wannan lissafi ka je kasuwa ka tambayi farashin ranar, ka haɗa da man janareta na awa ashirin da ladan mai taya ka. Saye a kwali ya fi araha a kan ɗai-ɗai.

Abin da ke cin kuɗi na gaske ba guga ba ne, abin da za ka mayar ne. Wanda ya bar jelkot, firaima da fenti kawai ke gabansa. Wanda ya kware ta, dole ya sayi efoksi, wani rezin mai haɗi biyu da ke hana ruwa shiga, na shafi huɗu zuwa shida, kuma kuɗinsa ya ninka na samfefa nesa ba kusa ba. Ka tabbata efoksin na hannunka kafin ka fara kwarewa, ba wai ana kan hanyar kawo shi daga Kano ko Legas ba.

Gargaɗi: samfefar bango mai araha, wadda yashinta ke zubewa, asarar kuɗi ce. Sannan maganin cire fenti na gwangwani da masu fentin mota ke zubawa a ƙarfe yana cin jelkot da rezin. Kada ka kusance shi sai in an rubuta ƙarara cewa na faiba ne. Wuta ma haka: fitilar walda ko injin hura zafi suna ƙona rezin, su bar faiba ba ƙarfi.

5. Rufe jikinka

Wanda ya taɓa sheƙar gero ya san ƙaiƙayi. Ƙurar faiba ta fi shi, domin gilashi ne sirara da ke shiga fata, su shiga ido, su shiga huhu. Rawani ko hankici a hanci ba ya tare ta. Ka nemi takunkumin roba mai matata biyu a gefe, in bai samu ba, aƙalla mai alamar N95 ko FFP2, ka matse ƙarfen hancin, ka canja shi kullum. Tabarau mai rufe gefe, safar hannu, hula, doguwar riga da wando, ka ɗaure wuyan hannu da na ƙafa da salatif. Wasu kan shafa hoda a wuya da hannu kafin su fara, tana ragewa.

Ka duba inda iska ke kaɗawa ka ba ta baya, in ba haka ba ƙaiƙayi ne zai koma kan masheƙiya. Yara masu kallo ka kore su da gaske, kada ka ji nauyi.

Idan ka tashi, ka fara ɗauraye jiki da ruwan sanyi ba tare da cuɗawa ba, sannan sabulu. Inda ya ci gaba da suka, manna salatif ka ɗaye, zai fito da zaren. Kayan aikin kuma ka wanke su da kanka, daban, kada su shiga cikin wankin iyali.

6. Kankare abin da ya riga ya saki

Ka ɗan goge kusurwoyin makankari biyu a kan dutse su yi zagaye, don kada su yanki jelkot. Ka kwantar da shi, ka tura, duk fentin da ya tashi ka bi shi har inda ya kama. Wanda ya ƙi, bar wa inji. Awa biyu a nan za ta rage maka faifai goma, kuma ɓawon da ya faɗi a tamfal ya fi ƙura sauƙin kwashewa.

7. Gugan farko da lamba 80

Raba jikin jirgin da fensir gida-gida, kowane gida kamar rabin mita ta kowace fuska. Gida ɗaya za ka gama kafin ka shiga na gaba. Ɗora injin a jiki tukuna sannan ka kunna, ka kuma ɗaga shi kafin ka kashe. Faifan ya kwanta gaba ɗaya, kada ka karkata shi ka ci da baki. Kada ka danna. Nauyin injin da na hannunka sun isa. Ka tafi a hankali daga hagu zuwa dama, kowane layi ya hau rabin na baya, sannan ka sake bi daga sama zuwa ƙasa.

Idonka a kan ƙura, ita ce ke ba ka labari. Muddin launin fenti ke tashi, ci gaba. Da ka ga launin jelkot ya fara leƙowa, ƙurar ta koma launinta, matsa gaba. Kada ka nace sai ka share kowane ɗigon fenti da lamba 80. Ka bar jikin da dabbare-dabbare, ragowar 120 za ta ɗauke. Idan ka ga wani wuri ya fara duhu, launin zuma ko kore-kore yana haskowa daga ƙasa, ka kusa fasa jelkot. Ɗaga hannunka nan take ka zagaye wurin.

Kowane 'yan mintuna ka juyo injin ka duba faifan. Idan fenti ya dunƙule a kai, buge shi da buroshi. Idan ya yi sumul, jefar. Faifan da ya mutu zafi kawai yake haifarwa, shi ke sa mutum ya fara danna inji, dannawar kuma ita ke yin rami. Taɓa jikin jirgin da bayan hannu: idan ya yi zafin da ba za ka iya barin hannun ba, koma wani gida.

Gargaɗi, kuma shi ne babba a duk rubutun nan: giranda ta masu walda ba ta wannan aiki ba ce. Tana juyawa sau 10,000 zuwa 11,000 a minti, jelkot kuma rabin milimita ce. Bara wani dattijo ya aiko a kira ni in ga jirginsa. Ɗan ƙanensa, yaro mai ƙwazo da ke koyon walda, ya gama masa gefe guda tsakanin hantsi da azahar. Ya ce da ni, "Malam, duba min aikin yaron nan, na ga kamar ya yi sauri da yawa." Daga nesa jikin fes. Da na ɗora tafin hannu na shafa, sai na ji shi tudu da kwari, ga sawun faifai kamar jinjirin wata a jere, a kan ƙashin gefe kuma zaren faiba ya fito fari yana tsaye kamar gashin masara. Na ce, "Baba, wannan gefen sai an mayar masa da faiba kafin a yi maganar fenti." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ni na ɗauka duk fenti ne." Ba wanda ya taɓa nuna masa bambancin. Aikin da zai ƙare a kwana huɗu ya kai mako uku, lokacin kuwa kifi na kamuwa.

8. Kusurwoyi, da hannu kawai

Ƙashin tsakiya na ƙasan jirgi, layukan da suka taso a tsawonsa, kusurwar da gefe ya haɗu da ƙasa, goshi da bakin allon baya: duk inji ya tsaya yatsa biyu kafin ya kai gare su. A kan kusurwa duk ƙarfin faifai a layi ɗaya yake taruwa, daƙiƙa biyu sun isa ya fasa. Naɗa samfefa a silifas ko soso ka bi su da hannu. Lungu kuma ka naɗa ta a guntun tiyo. A nan za ka iya amfani da samfefar ruwa da bokiti, ƙura ba za ta tashi ba, amma fa inji da wayar wuta su yi nesa da ruwan.

Wanda jelkot ɗinsa lafiya take, ya tsallake zuwa mataki na 11.

9. Idan har sai an cire jelkot

Ƙuraje tsilla-tsilla: buɗe kowane ɗaya, ka goge shi ya zama kamar ɗan faranti mai gangare, ba rami mai tsayayyen baki ba, har ka kai faiba mai tauri, mai haske, wadda ba ta da farin tabo. Tsagewar saƙar gizo kuma ka bi kowace da kusurwar ƙarfe mai kaifi ka buɗe ta ta yi kwari, in ba haka ba za ta sake fitowa ta cikin sabon fenti.

Kwarewa gaba ɗaya: sa lamba 40 a injinka mai karkarwa. Zai yi jinkiri, amma ba zai ci amanarka ba. Wanda hannunsa ya faɗa zai iya amfani da babban injin goge mota mai rage gudu, da faifai mai laushin baya, a ƙaramin gudu, ba tare da ya tsaya wuri ɗaya ba ko na ƙiftawar ido. Jelkot ba ta nuna abin da ke bayanta. Faiba kuwa tana da haske-haske, za ka ga zare kwance a cikinta. Da ta fara bayyana, saura 'yan tsibirai na jelkot, ka sauka zuwa 60, ka ƙarasa da 80. Burinka ka tsaya a kan faiba, ba ka shiga cikinta ba.

Ga wata dabara: da rana tsaka, bayan ka tabbata tokaren na da ƙarfi, leƙa ƙarƙashin jirgin. Inda aka cire jelkot haske zai riƙa ratsowa ja-ja. Inda ya fi sauran haske, nan ka ci da yawa, ka sa alama, sai an ƙara masa faiba.

Gargaɗi: duk farin wuri da zare ya bushe ba rezin a jikinsa, a cire shi har a kai mai lafiya. Efoksi a kan ruɓaɓɓen wuri rufe ciwo ne da ƙuda a ciki.

10. Wanki da shanya

Faibar da ta sha ruwa ba ta bushewa da rana kaɗai, domin tsamin da ke ciki yana riƙe danshi. Ka wanke ta da ruwa mai tsabta, mai ɗumi in da hali, kowane kwana biyu ko uku a makonni biyun farko, sannan ka bar ta a inuwa inda iska ke ratsawa. Kada ka lulluɓe ta da tamfal ruf, kada kuma ka bar ta tsirara a rana wata da watanni, rana na cin rezin. A hunturu makonni kaɗan kan isa. Da damina kuwa kada ma ka fara.

Gwaji: yanka leda fara kamar faɗin littafi, manna ta a wurare biyar ko shida, ka rufe bakinta huɗu da salatif, ka bar ta kwana ɗaya. Idan da safe ka ga raɓa a cikinta, jirgin bai bushe ba. Ƙara mako, ka sake.

11. Cike, daidaita, gugan ƙarshe

Ramuka da wuraren da ka zagaye, ka cike su da filar efoksi, ko ta jirgin ruwa da aka rubuta cewa tana zama a ƙarƙashin ruwa. Idan ta daskare, wanke ta da ruwa da soso kafin guga, domin efoksi kan fitar da wani maiƙo a sama wanda ruwa ke ɗaukewa.

Gargaɗi: filar mota, wadda masu gyaran bodi ke shafawa, tana shan ruwa. A saman layin ruwa za ta iya ɗan jurewa, a ƙasa kuwa za ta kumbura ta faɗo da fentin da ke kanta. Wannan kuskure na gan shi fiye da kowanne bayan na giranda, saboda ita ce a kusa kuma ita ce mai araha.

Yanzu ɗauki fensir ka yi wa jikin zane-zane ko'ina, sama-sama. Manna samfefa 120 a dogon katakon nan, ka riƙe da hannu biyu, ka goga a karkace, sau ɗaya ta nan sau ɗaya ta can, kana tafiya da tsawon jirgin. Inda fensir ya goge da wuri tudu ne, inda ya rage kwari ne. Kwarin cike shi ake yi, ba a cinye kewayensa don a same shi. Da yamma idan rana ta kwanta, tsaya a goshin jirgin ka hanga baya, duk lanƙwasar da ta rage za ta nuna kanta.

Inda za ka tsaya ya danganta da abin da zai hau. Idan efoksi ne, a faiba ko a jelkot, lamba 80 ce ƙarshe, yana son kaushin da zai kama. Idan firaima ce a gefunan sama, bi da 120, sannan 180 ko 220. Kada ka yi tsalle daga 80 zuwa 220, zanen 80 zai fito ta cikin fenti. Kada kuma ka wuce 220 kafin firaima don neman sheƙi. Jikin da ya yi santsi da yawa fenti ba ya riƙe shi. Abin da aka rubuta a gwangwanin da ka saya shi ne gaba da maganata.

12. Share, kwashe ƙura, rufe jikin

Yayyafa wa tamfal ruwa kaɗan kafin ka naɗe, don kada ƙurar ta tashi. Juye ta a tsohon bokitin fenti mai murfi, tare da matattun fayafayai. Kada ka ƙona, kada ka zuba a bola inda awaki da kaji ke tono. Ni nakan dama ta da ɗan siminti ta daskare ta zama dutse kafin in rabu da ita. Tsumman asiton ka shanya su a fili su bushe tukuna.

Share jikin jirgin da buroshi mai laushi, ka bi da asiton da tsumma biyu kamar a mataki na 2. Daga nan kada wanda ya sake ɗora hannu, gumin tafin hannu ma maiƙo ne. Shafa farin tsumma busasshe a wuri uku: idan ya fito da launi ko gari, sake sharewa. Idan ya fito fari, shafin farko na efoksi ko firaima ya hau a ranar. Da hunturu ka zaɓi safiyar da iska ta kwanta, ka yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da jirgin, ka kafa tabarma ko zana ta gabas da arewa inda ƙura ke fitowa, sannan ka buɗe gwangwani.